Larabar Kofur Obadiya

"Buɗe bakinka, Kofur. Ba allura ba ce, faten acha ne."

Kofur Obadiya ya datse leɓɓansa, ya karkato kunne wajen muryar. Idanunsa a buɗe suke, amma ciwon suga ya riga ya shafe su da fari, ba sa gane komai sai bambancin haske da inuwa.

"Wace rana ce yau, Sista?"

"Talata."

"Jiya ma ai Talata kika ce."

"Jiya Litinin na ce. Kunnen ne shi ma ya fara bin sawun idon. Buɗe, hannuna ya gaji."

"Kin sa gishiri kuwa?"

"Na sa iyakar wanda likita ya yarda. In bai yi maka ba, tashi ka dafa naka."

Ya dinga motsa yatsu a kan bargo kamar mai lissafi. Lissafin ya ƙi fita, ya haƙura ya buɗe baki. Habibatu ta zuba masa cokali ɗaya, ta share gefen bakin, ta ɗebo wani. Laraba ce. Ita ta sani, matar mai gida da ke shanya a tsakar gida ta sani, kusan kowa a gidan ya sani, ban da mai cin faten.

Gidan haya ne na Malam Babayo a bayan barikin Shadawanka, ɗakuna a jere suna fuskantar rijiya. Ɗakin ƙarshe na Obadiya ne, tsohon kukun soja da ya yi ritaya bai wuce kofur ba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa tilo, Elisha, ya gaji kakin, yana can Borno. Ɗakin da ke manne da nasa na Habibatu ne, nas mai ritaya, wadda ita ma ta binne nata mijin, 'ya'yanta suka watse Jos da Kaduna suna aiko gaisuwa ta waya. Majami'arsu ɗaya. Bangon da ya raba su bai kai rufi sosai ba, saboda haka duk tarin da ya yi a kunnenta yake sauka. Ba wanda ya naɗa ta mai jinya. Ita ce dai a kusa, kuma hannunta ya san aikin.

Tun kafin a haifi Elisha Obadiya yake azumin Laraba, daga wayewar gari har faɗuwar rana, ba ci ba sha. Tsofaffin bariki har yau suna tsokanarsa da miyar Laraba, wadda ko dai gishiri ya kashe ta, ko kuma ba ta ma san an halicci gishiri ba, don mai dafa ta ba ya ɗanɗanawa. Bai fasa ba ko a makon da aka binne matarsa. Da ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce maganin nan sai da abinci, ya ce ya ji. Larabar da ta biyo Habibatu ta shigo ta tsince shi a ƙasa tsakanin gado da bokiti, zufa ta jiƙa shi sharkaf, haƙora a datse. Da yatsa ta dinga goga masa zuma a dasashi har ya dawo. Yana farfaɗowa, abin da ya fara tambaya shi ne ko rana ta faɗi.

A ranar ce Elisha ya kira.

"Mama, na nemi izini, sun ce in jira. Ki riƙe mini shi. Don girman Allah ki riƙe mini shi har in zo."

Ta ce to. Irin to ɗin nan da ake faɗa don yaro ya daina kuka a waya. Amma da ta ajiye wayar sai ta ga to ɗin bai tafi ba, ya zauna mata a wuya.

Sai ta fara sace masa Laraba. Abin ba wuya ga mutumin da ba ya gani, ba ya fita, barci kuma na kwasarsa tsakar rana: Talata biyu, sai Alhamis. In ya tambayi ina Laraba ta shiga, ta ce jiya ce, ya yi ta yana barci, mantawa ya yi. Ta zare batirin rediyonsa ta ce ya lalace, ana neman mai gyara. Sauda, matar mai gidan, ta shiga maganar da ƙafa biyu, har takan leƙo ta ce, "Baba, barka da Talata," ba wanda ya tambaye ta. Malam Babayo ne ya noƙe.

"Ni dai, Sista, ba zan dubi dattijo in yi masa ƙarya ba. In bai tambaye ni ba, shi ke nan. In ya tambaya, ki nemi wurin ɓuya."

Daga ranar gaisuwarsa ta koma ta bakin ƙofa, a tsaye, ƙafa ɗaya a waje.

Habibatu ba ta ji wani nauyi a ranta ba. Ta ƙare ƙuruciyarta a ɗakin marasa lafiya, ta ga abubuwan da ba a kawowa a wa'azi. Ta ga dattijon ikilisiya da bai taɓa fashin addu'ar safe ba ya mutu yana zagin kowa, har da mai ba shi ruwa. Ta ga mashayin burukutu ya tafi salin-alin kamar jaririn da ya ƙoshi da nono. A majami'a kuwa kullum ana jera wa mutane: ka tashi da wuri, ka karanta sura, ka haddace aya, ka yi azumi, bangaskiyarka za ta girma, sai ka ce maganin ƙarin jini ne, safe da rana da yamma. Tana zuwa sujada ran Lahadi, tana ɗaura zanen zumuntar mata, muryarta ma ba laifi. Ba ta taɓa cewa babu Allah ba. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne wai sai ya leƙa cikin mutum ya ga babu tuwo kafin ya saurare shi.

Haka aka tafi har damina ta yi nisa, tsoho ya ɗan yi kumatu. Wata Laraba da hantsi ta gama ba shi fate, ta bar kwanon a kan kujera, ta hau keke napep zuwa kasuwar Wunti neman auduga da abin gwada suga. Da ta dawo ta ga babur a ƙofar gida, ta gane shi. Na Fasto Zakka ne, sabon fastonsu, yaro mai kirki da kuzari, wanda bakinsa ke riga tunaninsa isa wuri. Tun daga rijiya take jin muryarsa.

"Na ce musu, ku matasa kullum ba lokaci, ba lokaci. Ku je ku dubi Baba Obadiya! Mutum a kwance, ido babu, amma Larabarsa ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba. Shi ya sa na ce yau musamman bari in zo mu yi ta tare, ni ma tun safe ban..."

Ta iso bakin ƙofa daidai lokacin da idonsa ya sauka a kan kwanon, da cokalin a ciki, da guntun fate a gemun tsohon.

"Au. To, to. Yau an huta ke nan, Baba. Ba laifi, ba laifi ko kaɗan. Ubangiji ya san rauninmu."

"Yau wace rana ce, Fasto?"

Habibatu ta yi masa alama da hannu, da ido, da dukan fuskarta. Bai waiwayo ba.

"Laraba mana, Baba."

Obadiya bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga, da ya fi sauƙi. Ya kai hannu gemunsa, ya taɓo faten, ya murza shi tsakanin yatsu.

"Sista, na ji takunki. Shigo."

Ta shiga.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na tsince ka a ƙasa."

"Duka?"

"Duka. Kuma ga ka nan da rai kana tuhumata. Da na bar ka, da tuni ciyawa ta fito a kanka."

"Haka ne," ya ce. "Fasto, yi mana addu'a ka tafi, kana da aiki."

A tsakar gida Fasto Zakka ya tsaya yana juya makullin babur a hannu.

"Mama, gaskiya ban sani ba. Da kin gaya mini."

"Da na gaya maka, da ran Lahadi na ji shi a wa'azi. Kun ɗauki tsoho kun rataye a gaban jama'a kamar kalanda, kowa na ɗaga kai yana kallo. Ta ina zai sauko?"

Yaron bai yi musu ba. Ya koma ciki ya durƙusa gaban gadon, ya yi wa tsohon bayani mai kyau, da ayoyinsa, cewa ba a ɗora wa mara lafiya azumi ba, alheri ne ke ceto, ba yunwa ba. Obadiya ya saurara har ƙarshe.

"Duk gaskiya ne, ɗana. Amma ba kai ka ɗora mini ba, ba kai za ka sauke ba."

Washegari ta kawo kunu, ya kau da kai.

"Yau Alhamis, Kofur. Lissafa mana. Jiya yaron nan ya ce maka Laraba."

"Na yi barci a tsakani. Ban san barcin kwana nawa ba ne."

"Na ɗaya ne!"

"In ji ki."

Bai sa komai a baki ba sai da ya ji an kira magariba a masallacin bakin titi. Kashegari ma haka, da wadda ta bi ta. Tunda kowace rana na iya zama Laraba, sai ya ba ta su duka. Habibatu ta mayar da batirin rediyo ta kunna masa, mai labarai ya faɗi rana da kwanan wata tiryan-tiryan. Ya ce ta kashe, shi ba ranar rediyo yake nema ba, mutum yake so ya gaya masa. Sauda ta rantse masa, ya ce ita ce mai barka da Talata. Habibatu ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kira sunan Elisha, ta ce wannan ba ibada ba ce, taurin kan tsohon soja ne. Ya ce ƙila. Cikin 'yan kwanaki naman da ta tara masa da ƙarya duk ya zube, ƙashin wuyansa ya fito. Ta rage masa magani da kanta don kada ya sake faɗuwa, ta koma ɗakinta ta zauna bayanta na sara, tana tunanin wai don ta ƙwace masa rana ɗaya ta jawo masa mako sukutum.

Malam Babayo ya yi ta kewaye ɗakin don kunya, gonarsa ta Tirwun ta zame masa mafaka. Sai da Juma'a ta sake zagayowa ya shigo da babbar riga, ƙamshin turare na gaba da shi, ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa kusa da gadon.

"Baba Kofur, yau Juma'a. Daga masallaci nake, ka ji turaren."

"Na ji. Kai ma da kai aka yi?"

"Ban faɗa ba, ban hana ba. Duk ɗaya ne. Ka yafe mini."

"Babayo, a ce watan azuminku ya tsaya, mutanen gidanka suka haɗa baki suka ce bai tsaya ba, suka dama maka fura da rana tsaka, don suna sonka. Ya za ka yi?"

"Da an ji mu har bakin titi."

"To ni ba ni da ƙarfin da za a ji ni."

Can Babayo ya ce kullum in ya dawo daga sallar asuba zai tsaya a ƙofa ya faɗi sunan ranar, ba ƙari ba ragi. Sharaɗinsa ɗaya ne, sauran ranakun a ci abinci.

"Har da Laraba za ka faɗa?"

"Ita zan fi ɗaga wa murya."

"To a kawo furar nan, tunda an ambace ta. Ba suga, kar Sista ta kai ni gadurum."

Ya koma cin abinci, amma daga hannun Sauda. Habibatu aka bar wa sauran: juyi, wanka, bokiti, wankin gyambon ƙafa. Yana miƙa mata jikinsa kamar yadda ake miƙa wa bakanike mota, ya ce sannu, ya ce na gode, shi ke nan. Tsokanar gishiri ta ɗauke. Duk Laraba kuwa, da muryar Babayo ta faɗi sunanta a ƙofa, sai Habibatu ta jawo kujera bakin ɗakin, kwalbar zuma a cinya, ta wuni tana sauraron numfashinsa. Matan zumunta in sun zo dubiya suna ce mata sannu da ƙoƙari, ladanki na sama, ta ce a rage mata kaɗan a ba ta a gadon baya. Elisha na kira yana cewa har yanzu sun ce ya jira. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya taɓa ta.

Wata rana da la'asar tana wanke masa gyambon, ta kasa riƙe bakinta.

"Wai me kake roƙo ne, Kofur, da har yau bai ba ka ba? Faɗa mini, ƙila a Wunti ake sayarwa."

Ta zaci ba zai amsa ba.

"Ba roƙo ba ne."

"To mene ne?"

"Da ina da ƙarfi, hannuna ya fi bakina sauri. Uwar Elisha ta sani. Wani tsohon mai bishara a bariki ya ce mini, kai da kake wuni a kan nama, zaɓi rana ɗaya ka ce wa cikinka a'a, mu gani ko hannun zai koya. Ya koya. A hankali dai."

"To ai ya koya. Hannun da ko cokali ba ya ɗagawa yanzu, wa zai mara?"

"Fushin ya daɗe da mutuwa. Amma kafin ya mutu na riga na tarar da wani abu a wurin. In yunwa ta kama ni wajen azahar, surutun da ke kaina sai ya kwanta. Sai in zauna da Ubangiji. Ba na ce masa komai. Shi ma ba ya cewa komai. Muna zaune dai."

"Wannan suganka ne ya sauka."

Sai ya yi dariya, karo na farko tun zuwan fasto, dariyar da ta ƙare da tari.

"Ƙila. Shi ya yi sugan ai."

Ta matse auduga, ta ci gaba da gogawa.

"Duba, Sista. Karatu ya tafi tare da ido. Zuwa sujada ya tafi tare da ƙafa. Waƙa kuwa numfashina ba ya kai ƙarshen baiti. Komai yanzu yi mini ake, har abin da ba a faɗa. Wannan kaɗai ya rage da nake yi da kaina, ba mai ɗaga ni. Shi kika ɗauka."

Tana da amsa. Kullum tana da amsa. Ta naɗe bandejin, ta ɗaure, ta ɗauki kwanon ruwan ta fita.

Da aka fara yankan gero ƙodarsa ta soma ajiye aiki. Ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ragu, barci ya dinga jansa. Aka kai shi asibiti a keke, aka duba, aka ja ta gefe aka yi mata irin maganar da ita ma ta sha yi wa dangin wasu, aka dawo da shi gida. Ran Lahadi bayan sujada ya shiga wani barci mai nauyi. Litinin da Talata Babayo ya faɗi sunan rana a ƙofa, ba wanda ya amsa. Da yammacin Talatar aka aiko wa Babayo yayansa ya rasu a Ningi, ya kama hanya. Bai jima da fita ba Elisha ya kira.

"Mama, sun ba ni! Gobe da an buɗe hanya zan taso, kafin isha ina gida. Kwana ɗaya, Mama. Ki riƙe mini shi kwana ɗaya."

Da gari ya waye ta shiga ta same shi ido biyu, hankalinsa garau kamar an wanke. Ba ta yi murna ba, ta san irin wannan wartsakewar. Ta taɓa ƙafafunsa, sanyi ya hau har ƙwauri. Ta duba farcensa. Ta gwada suga, ya yi ƙasa sosai. In ya sha kunu da ɗan zuma, aka bi shi da cokali-cokali, yana iya kai dare. Ba ta da tabbas, amma ta ga an yi. In bai sha ba, ba ta jin zai wuce la'asar.

Sauda ta biyo ta da kofin kunu, ta danƙa mata, ta raɗa mata a kunne, "Ki ce Alhamis. Allah ma ya san dalili."

"Na yi barci da yawa?" in ji Obadiya.

"Ka yi."

"Ban ji Babayo ba."

"Ya tafi Ningi, an yi musu rasuwa."

"Allah ya ba su haƙuri." Ya ɗan numfasa. "To ke ce ke nan. Habibatu, wace rana ce yau?"

Tun da suke bai taɓa kiran sunanta ba. Ba ta ma san ya riƙe shi ba. Ta zauna a bakin gadon, kofin na ƙona mata tafin hannu.

"Ka fara jin wannan. Elisha ya samu izini, yana hanya, da dare zai iso. In ka sha abin nan, ina jin za ka kai. In ba ka sha ba, ban sani ba. Ba tsorata ka nake ba, aikina ne."

"Na ji. Wace rana ce?"

Sauda ta taka mata ƙafa. A tsakar gida wani na jan guga, igiya na kukan gogar bakin rijiya. Fararen idanun nan sun juyo daidai inda take, suna jira, kuma ta gane duk abin da ta faɗa yau zai karɓa.

"Laraba ce."

Ya sauke dogon numfashi, kafaɗunsa suka kwanta a kan matashi.

"Na gode." Can ya ƙara, "Hanyar nan ba kyau. Larabar yau ta Elisha ce. In ya iso mu sha ruwa tare."

Sauda ta karɓe kofin ta fita tana share ido da bakin mayafi.

Wajen azahar waya ta shiga. Habibatu ta kara masa a kunne. Iska da ƙarar mota, Elisha na ɗaga murya yana cewa sun wuce Damaturu, an tsare su a shinge amma an sake su.

"Ka zo a hankali," in ji tsohon. "Kar ka sa direba gudu."

Ta mayar da wayar kunnenta.

"Mama, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ci wani abu?"

"Yau Laraba ce, Elisha."



"Ke kika gaya masa?"

"Ya tambaye ni."

"Mama, kin ce mini to."

"Na ce."

Layin ya yanke, ko kuma an yanke shi. Ba ta sake kira ba.

Leɓɓansa suka bushe har suka tsage. Ta jiƙa auduga ta goga masa.

"Ba na haɗiya fa," ya ce da ƙyar.

"Na sani. Leɓe ne kawai. In Babayo ya dawo ka tambaye shi, ko a wurinsu ba ya karyawa."

Gefen bakinsa ya motsa. Daga nan bai ƙara magana ba. Ta zauna riƙe da wuyan hannunsa, yatsu biyu a kan jijiya, don sabo. Ba ta yi addu'a ba, ba ta san me za ta ce ba, gajiya kuma ta share mata kai tas. Ƙuda ɗaya na kai-komo a labule. Aka kira la'asar, aka idar, masu sallah suka wuce ta bayan taga suna hira. Numfashin ya fara tsallake, ya yi nisa, ya dawo, ya tafi. Ta jira, don ta san yakan yaudari mutum. Bai dawo ba. Ta rufe masa ido, ta ɗaure haɓar da ɗankwalinta, ta miƙe ƙafafun, kamar yadda ta yi wa mutane da yawa da ba ta san ko sunansu ba. Sannan ta fito ta ce wa Sauda, "Kofur ya huta."

Kafin a jima gidan ya cika. Fasto Zakka ya zo, wannan karon bai tsawaita ba, ya shiga ya durƙusa ya fito ido ja. Matan zumunta suka shimfiɗa tabarmi a gefen rijiya suka ɗauki waƙa ƙasa-ƙasa. Maza, na masallaci da na majami'a, suka jera benci a waje. Wasu na cewa Ubangiji ya yi ta'aziyya, wasu Allah ya ba da haƙuri, tana amsa wa duka da amin ɗaya. Wani ya tambaya ko an gaya wa ɗan. Ta ce yana hanya, a bar shi ya iso, ita za ta gaya masa.

Sauda ta kawo tuwo da miyar kuka ta dire a gabanta.

"Ci. Tun safe ba ki sa komai a bakinki ba, ina kallonki. Ga yaron nan za ki tara, da wane ƙarfi?"

Sai a lokacin Habibatu ta ji cikinta. Ta wanke hannu, ta jawo kwanon, ta gutsuro loma. Ta ɗaga kai. Rana ba ta gama sauka ba, akwai sauranta a saman katangar gidan, ja, faɗin tafin hannu, a ƙarƙashin fasassun kwalaben da aka dasa don ɓarayi. Ta mayar da lomar, ta ɗauki faifai ta rufe kwanon.

"Bari tukuna," ta ce.

Sauda ta buɗe baki, ta bi idonta zuwa katangar, ta rufe. Ta gyara zani ta zauna kusa da ita. A bakin titi wani keke ya rage gudu, Habibatu ta miƙe wuya, ya wuce. Hasken ya bar bulo na ƙarshe ya koma kan kwalaben kaɗai, kore da ruwan ƙasa, su biyun suna kallonsa.